Farantin Surukina

Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta da ranar da aka zaunar da surukina a teburina aka ce in ciyar da shi.

Lokacin ina noma a Gafasa, a 'yar gonar gadon da amfaninta ba ya kai mu bazara. Sai muka ji wata ƙungiyar ƙasar waje ta ba da tallafi, an buɗe sashen koyon aikin otal da karɓar baƙi a wata makarantar sana'a a Gaya. Waɗanda suka fi ƙoƙari za a tura su aiki Kano. Ban yi wata-wata ba na shiga, kullum ina bisa acaɓa tun da sassafe.

An koya mana gyaran gado, da naɗe tawul, da inda cokali mai yatsu yake zama. Amma abin da malaminmu ya fi nanatawa shi ne kada ka bar baƙonka shi kaɗai. Ka tsaya a miƙe kusa da shi, ka dube shi ido cikin ido, ka yi murmushi, ka tambaye shi ya abinci. Ni da na tashi a gidan da ake ajiye wa baƙo kwano a zaure a ja jiki a ba shi wuri, abin ya ɗaure mini kai. Na dai haddace, tunda aikin nake so.

Ranar jarrabawar ƙarshe aka gayyato dattawan Gaya da Ajingi su zama baƙinmu, don masu tallafin su ga jama'ar gari na ciki. Kowane ɗalibi da teburinsa da baƙonsa. Wata Baturiya daga ƙungiyar ce ke zagayawa da takarda tana ba da maki: tsayuwarka, maganarka, da yadda farantinka ya dawo. Na fito daga kicin da tire a hannu, na ɗaga kai, sai ga baban matata zaune a tebur na huɗu, wato nawa.

Bafulatanin Toranke ne, manomi mai 'yan shanunsa. Shekara huɗu da auren 'yarsa, ban taɓa ganin ya kai loma baki ba, ban kuma taɓa tsayawa a kansa ba. Daga nesa nake durƙusawa in gaishe shi. Aikin nan ma ba ya ƙaunarsa, don ya taɓa ce wa matata, "Namiji da gonarsa zai tafi gyara wa ƙarti gado?"

Gwiwata ta fara lanƙwasawa da kanta, na tuna ana duba tsayuwa, na miƙe. Na buɗe baki in yi gaisuwar da muka haddace, abin da ya fito shi ne, "Baba, an zo lafiya?"

Ya dubi tebur ya ce, "Lafiya lau. Ya gida?"

Na ajiye masa soyayyiyar shinkafa da kaza, da ɗanyen kabeji da latas a gefe. Na koma na tsaya inda aka koya mini. Shi yana kallon gilashin ruwa, ni ina kallon fankar sama. Abinci na hucewa, hannunsa na cikin riga. Na san ko za mu kai magariba a haka ba zai taɓa ba. In na tsaya, faranti ya koma a cike, na faɗi. In na tafi, na bar baƙo, na faɗi. Malaminmu daga bakin ƙofa yana yi mini alama in yi murmushi. Wallahi a rayuwata ban taɓa rasa abin yi irin na ranar ba.

Har yau ban san ko shawara na yanke ko ƙafafuna ne suka yanke mini ba. Na durƙusa na ce, "Baba, bari in duba wani abu," na shige kicin na tsaya bayan ƙofa. Na ga Baturiyar ta yi rubutu a takardarta. Na ce shi ke nan, Kano ta wuce ni.

Da aka ce a kwashe kwanuka na fito. Farantinsa fes, ko ganye ɗaya bai rage ba, ya wanke hannunsa da ruwan sha yana gyara hula. Na duba sauran teburan, dattawan nan duk tsakura suka yi suka ture, ɗalibai na tsaye a kansu suna ta murmushi.

Baturiyar ta kira ni, malam na yi mana tafinta. Ta ce ba ta gane ba, ni kaɗai na gudu, kuma ni kaɗai baƙona ya ci. Na ce surukina ne. Fuskarta ta washe, ta ce to ai da na ja kujera mun ci tare. Malam ya yi ta bayani, tana gyaɗa kai, amma na ga alama ruɗewarta ta fi tawa. Da sakamako ya fito, sunana ne na ƙarshe cikin waɗanda aka tura.

Sai bayan kwana biyu matata ta dawo daga Toranke ta ce Baba na kwance da ciwon ciki. Ashe da aka gayyace shi ya tambaye ta me ake so baƙo ya yi don ɗalibi ya ci jarrabawa, ta ce ya cinye abin da aka ba shi. Mutumin da ke kiran ɗanyen ganye abincin awaki. Na fita ƙofar gida na zauna, don ban so ta ga idona ba.

Har ya rasu ba mu taɓa tayar da zancen ba. Abin da ranar ta koya mini shi ne karɓar baƙo ba tsayuwa ba ce, ba kuma tafiya ba, sanin abin da zai sa ya saki jiki ne. Yanzu in na ajiye wa mutum abinci, hannunsa nake fara dubawa. In na ga yana cikin riga, sai in ce bari in duba wani abu.