Ƙafar Malam Sulle da Kunyar Ɗan Fari

A garin Fulatan, zamanin mulkin Turawa, babu wanda ya kai Malam Sulle tinƙaho da kunya. Dillalin shanu ne, ya ci kasuwannin Rogo da Karaye da ƙafa tun yana saurayi. Abin alfaharinsa ɗaya ne: tun da matarsa Rekiya ta haifi ɗansu na fari, Abdulsalami, bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa haɗa tabarma da shi ba. In zancensa ya kama dole, sai ya ce "wancan yaron."

Da tsufa ya zo, ƙafafunsa suka riƙa sanyi ko da rana tsaka, jini ya daina sauka sosai. Ƙaya ta soke shi a dunduniya bai ma ji ba, wurin ya zama gyambo. Wanzami ya yi masa ƙaho, aka barbaɗa garin bagaruwa, aka cusa toka da man shanu. Gyambo sai faɗi yake, ƙudaje na bin Malam kamar mahauci.

Abin takaicin, wancan yaron dirisa ne a ɗakin shan magani na Karaye, wanke gyambon tsofaffi shi ne aikinsa kullum. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Rekiya ta ce, "Malam, don Allah ka bari a aika wa yaron nan."

Ya ce, "Ni? In buɗe wa ɗan fari ƙwaurina? Allah ya sawwaƙe! Me mutanen Fulatan za su ce?"

Mutanen Fulatan kuwa ba su ce komai ba, hanci kawai suke toshewa.

Labari ya kai wa Abdulsalami, ya zo a keke da bandeji da magani, ya durƙusa a bakin ƙofa ya yi gaisuwa. Tsohon ya ja riga ya rufe ƙafar, ya juya wa ƙofa baya, ya ce wa Rekiya, "Gaya masa lafiyata ƙalau." Yaron ya daɗe a durƙushe yana shaƙar warin, ya ajiye kayan, ya tafi da hawaye. Malam ya naɗa bandejin da kansa a kan tsohuwar tokar.

Sai da yatsun suka yi baƙi aka kwashe shi zuwa asibiti a Kano. Likita ya yanke ƙafar daga gwiwa.

Malam ya dawo yana dogara sanda. Ko ya yi nadama? Ina! Duk wanda ya zo dubiya, sai ya dafa dungulmin ya ce masa, "Alhamdulillahi, har aka cire ta yaron bai gan ta ba."