Igiyar Intanet ta Kan Katangar Malam Sahabi

Ban taɓa mantawa da Talatar da Oga Sanusi ya fara tura ni aikin waje ni kaɗai ba. Ku da kuka zo shagon nan kuka tarar da ni da furfura a gemu, gani kuke kamar da sukundireba a hannu aka haife ni. To ku gyara zama.

A wancan lokacin aikin shagonmu na Talata Mafara hawa uku ne. Mai koyo yana share ƙura yana miƙa kayan aiki. Mai gyara yana buɗe kwamfuta a kan tebur, oga na tsaye a kansa. Babban mai gyara shi ake ba jaka da babur ya je gidajen mutane. Kwanana bakwai ke nan a hawa na ukun, har na sa tela ya ɗinka mini riga mai aljihu huɗu, kuma duk wanda ya kira ni Lawali bai sa Injiniya a gaba ba, sai in yi kamar ban ji ba.

Ranar kasuwa ta ci, shago ya cika maƙil, sai oga ya ce in tafi Bakura, gidan Malam Sahabi, tsohon hedimasta. Ɗansa Nasiru ne ya bugo waya daga Maradun, inda aiki ya riƙe shi. Matar Nasiru, Malama Rabi, malamar lissafi ce, kuma da ƙarfe huɗu na yammar ranar za a yi mata tambayoyi ta bidiyo domin samun gurbin ƙaro karatu. Shekara biyu tana neman gurbin nan. Wanda aka kira ba a same shi ba, sai a wuce ga na bayansa.

Na isa bayan azahar. Mun daɗe muna gaisawa da Malam a ɗakin ƙofar gida, ya tambayi oga, ya tambayi kasuwa, ya tambayi hanya da gajiya, sannan ya nuna mini yadda abin yake. Zamanin modem ne mai kama da filasha. Duk gidan nan, a tagar wannan ɗakin kaɗai sabis ke kamawa, shi ma sai da Nasiru ya ɗaure modem ɗin a kan gora ya ɗaga shi sama, ya jawo wayarsa zuwa babbar kwamfutarsa ta tebur, mai Windows, wadda ba ta da kyamara. Mai kyamarar ita ce laftof ɗin Malama Rabi, tana can cikin gida. Ita kuwa Malama kwananta goma sha biyu da haihuwa. Uwar mijinta, Inna Kulu, ta riga ta yanke hukunci: maijego ba ta taka ƙofar gida sai ta yi arba'in, ko da gwamna ne ke kira. Ni kuma baƙon namiji ne, ba ni shiga.

Aikin a baki ba wuya. Kwamfutar da ke da modem ita ce uwa. Za ka shiga saitinta ka ce mata intanet ɗin da ke shigowa ta modem ta raba shi ta ramin igiya. Sai ka ja igiyar zuwa ɗaya kwamfutar, ka saita ta ta karɓi adireshi da kanta. Na yi nawa ɓangaren cikin minti uku ina fito, na warware doguwar igiya, na jefa bakinta ta kan katanga. Inna Kulu ta cafe ta kai ɗaki, sannan ta leƙo.

"Injiniya, a ɗauko maka tata ka gani da idonka?"

Wallahi da na ce e, da labarin nan ya ƙare a nan. Amma Malam yana zaune kusa da ni a kan buzu, yana kallon rigata mai aljihu huɗu.

"A'a Inna, ba sai an wahala ba. Wanga aiki ko ido ruhe ina yin shi. Ta dai saurare ni."

Malam ya gyaɗa kai. "Ma sha Allahu. Ɗiyan yanzu ke nan."

Kaina ya ƙara girma. Na matsa jikin katanga, na yi sallama, muka gaisa da Malama, na yi mata barka. Muryarta ƙasa-ƙasa, da ƙyar nake ji. Na ce ta kai maus ƙasa ta hannun hagu ta danna tambarin nan mai kama da taga. Ta ce to. Na ce ta buɗe wurin saiti. Ta ce to. Na bi da ita mataki-mataki har ƙarshe, kowanne tana cewa to. Na ce ta buɗe shafi mu gani.

"Bai buɗe ba tukun."

Na ce ba komai, mu sake. Muka sake. Na zare igiya na hura bakinta na mayar. Na fita na juya gorar nan gabas, na juya ta yamma, har makwabta suka fara taruwa suna ba ni shawara. Wani mai sayar da albasa ya ce a ƙara wata gorar a kai. Ƙarfe uku ta yi, gumi ya jiƙa aljihuna huɗun duka. Malam kuwa bai fasa yabo ba, duk wanda ya leƙo sai ya ce masa, "Injiniya na daga Mahwara, aiki yakai." Ni kuma ina jin kowane yabo kamar ana ɗora mini buhu.

Gaskiya tsoro ya kama ni. Ba don rigata ba. Na fara tunanin baiwar Allah nan da ta yi shekara biyu tana jira, ga ta zaune da jariri a cinya, gurbinta zai wuce saboda ni.

Uku da kwata sai Malam ya miƙe, ya ɗauki butarsa.

"Bari in tai masallaci."

Na dubi agogo. "Malam, ai ba a kira ba."

"Tsoho ba ya jiran kira," in ji shi. Ya sa takalmi ya fita, ya kuma kwashe makwabtan nan da hira suka bi shi.

Ko ƙarar takalminsa ba ta gama ɓacewa ba, na ji wata murya daga bayan katanga, garau, irin ta malamar da ta saba da aji mai ɗalibai da yawa.

"Injiniya, Baba ya tahi?"

"Ya tahi."

"To ka yi haƙuri. Tawa ba Windows ta ba, Linux ta. Duk abin da ka hwaɗi tun ɗazu, babu ko ɗaya bisa allona."

Ga waɗanda ba su sani ba, kowace kwamfuta tana da babbar manhajar da ke tafiyar da ita, kuma ba iri ɗaya ba ce. Abin da ke hagu a wannan yana iya zama a sama a waccan, da wani suna daban. Ni kuwa a lokacin Linux a baki kawai nake jin ta, kamar labarin teku. Awa ɗaya da rabi ina kwatanta wa mace hanyar Gusau alhali tana Sakkwato.

"Malama, don mi ba ki hwaɗa min ba?"

Inna Kulu ce ta amsa, tana dariya har da tari. "Kai ko, gaban surukinta za ta ƙaryata baƙo nai? Baƙon da yaka yabo? Ai ko gidan ka ci da wuta sai dai ta ce to."

Malama ta ce, "Nawa ɓangaren na gama shi tun sa'ad da Inna ta kawo igiya. Tana jiran adireshi, taka kuwa ba ta ba ta komi ba. Koma ka duba inda ka sa alamar rabawa. Bisa modem ka sa ta, ko bisa igiya?"

Na koma da gudu. Jama'a, a kan igiya na sa. Garin fito da burga na ce wa kwamfuta ta raba abin da ba ta da shi. Kamar ka buɗe wa gona hanyar ruwa daga wajen da babu ruwan.

"Cire ta nan," in ji Malama.

Na ce to.

"Ka maishe ta bisa modem."

Na ce to.

"Kashe modem ɗin ka kunna."

Na ce to. Ina jin Inna Kulu tana maimaita "to" ɗina a tsakar gida tana shan dariya.

Na kashe na kunna. Ladan ya kira la'asar. Ƙarfe huɗu saura minti goma sha biyu. Sai na ji guɗa ta tashi daga cikin gida, irin wadda ake yi ranar suna, jariri ya firgita ya fashe da kuka. Ni kaina ban san lokacin da na rungume gorar nan ba. Inna ta goya jaririn ta kai shi can ƙuryar gida, ni kuma na yi sallata a ɗakin, na zauna gadin gora kada iska ko akuya ta taɓa ta. Minti arba'in ina jiyo Malama tana amsa tambayoyi da Turanci tar-tar, ban motsa ba ko da ƙuda ya sauka mini a hanci.

Da Malam ya dawo, ya sa aka ɗaure mini kwandon albasar Bakolori a bayan babur. Kunya ta hana ni karɓa shiru.

"Malam, gaskiya ba ni na gyara ba. Malama ta."

Ya yi murmushi yana gyara igiyar kwandon. "Lawali, shekara talatin da biyar ina koyarwa. Na san to ɗin wanda ya gane, na san to ɗin wanda ka jin kunya. Kai kana zaton ban san lokacin la'asar ba?"

Bayan wata guda Nasiru ya biyo ta shago ya ce an ba ta gurbin. Na roƙe shi ya karɓo mini faifan Linux a wurinta, kuma da shi na koya. Wannan da nake koya muku yanzu, asalinsa daga bayan waccan katangar ya fito.

Shi ya sa kuke ji ina muku faɗa idan kuka tambayi mai kwamfuta, "Ka danna?" Mutanenmu ba za su kunyata ka a gaban manya ba, ko da abinsu zai salwanta. Ka ce masa, "Karanta mini abin da kake gani." Kuma kafin ka buɗe jaka, ka dubi wanda ke zaune a ɗakin. Wani aikin ba ya gyaruwa sai tsoho ya ɗauki buta.