Abin da Na Ɓoye cikin Likkafanin Kaka

Laifina ne, na yarda tun farko. Amma wallahi ban san farin ƙyallen da ke ƙasan adakar Kaka likkafaninta ba ne.

Wani mai garka daga ƙauyen Tabelot, da yake sauka gidanmu in ya kawo albasa, shi ya ba ni wani ɗan abu. Ja ne mai sheƙi kamar dabinon Bilma, in ka taɓa shi sai ya murɗa gindi. Ya ce a ƙasa ya tono shi, ƙarƙashin tumatir. Niyyata in jefa shi cikin dabinon yayata in sha kallo. Kafin nan na nemi inda ba mai taɓawa, na cusa shi cikin ƙyallen, na manta.

Bayan mako uku, da hantsi, Kaka ta buɗe adakar za ta shanya kaya. Ihun da ta yi, na rantse har ladan a kan hasumiya ya ji. Ga wani faɗa-wuta zaune bisa likkafanin. Bai wuce tafin hannuna ba, amma a ranar gani na yi ya kai angulu. Fikafikan sama duhu-duhu kamar ɓawon itace, na ƙasa rawaya, cikinsa kauri da zobba baƙaƙe. A gadon bayansa kuwa ƙoƙon kan mutum ne sak, har da ramukan ido. Inna ta zungure shi da muciya, sai ya faɗo ƙasa ya yi kuka, tsiii, kamar ɓera. Aka kifa masa ƙwarya, kowa ya ja baya.

Kaka ta zauna daɓas. "Adaka a rufe, ta ina ya shiga? Kira ne ya zo."

Daga nan ta daina cin abinci. Ta aika maƙwabta suka zo aka yafi juna, ta rabar da tukwanenta. Ni kuwa na shiga tsaka mai wuya: in na faɗa, bulalar Baba, in na yi shiru, na kashe tsohuwa. Rana ta uku a zaune ta yi salla. Ta kira ni.

"Zo nan, angona. Ka yafe mini ranƙwashin da na yi ta yi maka."

Hannunta sanyi ƙalau. Na ruga na zazzage likkafanin, ɓawon abin ya faɗo a tsage, ba kome ciki. Ashe daga cikinsa faɗa-wutan ya fito. Na kai mata.

"Kaka, ba daga sama ya zo ba. Daga Tabelot ya zo, ni na sa shi."

Ta juya ɓawon, ta sake juyawa. Ta ce a dama mata fura. Sai da ta shanye tas sannan ta ce, "Matso kusa, ɗan banza. Yafiyar nan na janye ta."

Baba ya yi mini bulala bakwai. Da aka ɗaga ƙwaryar, faɗa-wutan ya riga ya mutu. Kaka ta ƙara shekara tara a duniya, kuma cikin wannan ƙyallen aka rufe ta.