Karkashin da Na Nome

A shekarun da nake fita bishara tare da zumuntar matan cocinmu, duk Asabar mukan tashi daga Gwallameji a kan babura, mu wuce Miri, mu sauka wani ɗan ƙauye a gindin dutse. Da rani abin da sauƙi: a shimfiɗa mana tabarma, mu yi waƙa, mu karanta Littafi Mai Tsarki. Da damina kuwa sai dai mu yi wa kaji wa'azi, kowa yana gona.

Shugabarmu ce ta kawo shawarar mu riƙa zuwa da fartanya, mu taya mutane aiki kafin mu nemi su saurare mu. Ni malamar firamare ce, haihuwar birni, ko albasa ban taɓa shukawa ba, amma girman kai ya hana ni faɗa.

Aka haɗa ni da wata tsohuwa da muke kira Iya, mai 'yar gona a bayan ɗakinta. Ba ta taɓa zama wurin waƙarmu ba, sai dai ta aiko mana da ruwan sha. Na daɗe ina son ta ba ni kunnenta, na kuma ɗauka ranar ce ta zo. Ta nuna mini kunyoyin gero, ta koma ciki duba tukunya. Na duƙa, duk abin da ba gero ba na sare shi. A bakin danga na tarar da wani ganye ya cika wuri, na ce a raina tsufa ne ya hana ta kaiwa nan. Na nome shi tas, har ina yaba wa kaina.

Da ta fito sai ta tsaya tana kallo. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Maƙwabciyarta ce ta gaya mini karkashi ne, irin da mahaifiyar Iya ta bar mata. Kowace shekara takan bar shi ya nuna ta ɗebi iri. Bana ta zuba duk abin da take da shi, ga shi ko fure bai fara ba.

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Iya ta tattara ganyen a bakin zanenta, ta ce in zauna. Ta kaɗa miya da shi, ta kawo tuwon dawa, na ci ina hawaye. Littafin bai fito daga jakata ba ranar.

Asabar ta gaba na sayo iri a kasuwa na kai mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta ajiye gefe. Sannan ta kama hannuna ta kai ni bakin danga, ta ɗaga wani kara da sandarta. Tushen karkashi uku ne a wurin, kore shar, fartanyata ta tsallake su.

"Allah ya taimake ni ba ki iya noma ba, 'yar nan," in ji ta. Muka yi ta dariya har ta riƙe kafaɗata.

Daga nan ɗakinta ya zama masaukina. Nakan karanta mata, ta saurara tana gyaran wake, wani lokaci ta musa mini. Ba ta taɓa shiga coci ba, ni kuma ban daina sonta ba.

Da kaka ta ƙulle rabin irin da ta ɗeba daga tushen ukun nan a ƙyalle ta danƙa mini.

"Iya, ni da na kusa hallaka shi?"

"Ke kaɗai kika yi masa kuka. Na tsufa, gara ya zauna wuri biyu."

Ba ta ga damina biyu bayan nan ba. Karkashin yana nan bayan ɗakina a Gwallameji, cikin tsohon bokiti da gindin katanga. Duk wanda zai taya ni sharar gida, nan nake fara kai shi in nuna masa, in ce kada ya taɓa.