Muryar da Ƙanena Ya Sa wa Inna

Abubuwa da yawa sun same ni na manta, amma wasan kwamfutar da ƙanena ya ƙirƙira, da tashin hankalin da ya jawo mana, ba zai bar kaina ba har a rufe ni.

Ni bokona bai yi nisa ba. Shagon gem nake da shi a Gwadangaji, 'yan talabijin da janareta mai tari, samari su zo su buga ƙwallo su yi ta ihu har kaina ya yi ciwo. Autanmu ne ya karanci kwamfuta. Yana goye muka rasa mahaifinmu, wanda masunci ne a Argungu. Ya shiga ruwa wata damina bai fito ba, ko gawa ba a samu ba. Da autan ya girma sai ya shige ɗaki shekara da shekaru, ya fito da wasa a kan wannan abin.

Wasa ne da ba ka cin kowa, ba wanda ke cin ka. Kana kwance bisa gora kana bin gulbi. Shinkafa ta tsiro a sama, zangarniya na kallon ƙasa, kifaye na ratsa gajimare, ka tarar da ƙofar zaure tsaye a tsakiyar ruwa ba gida a bayanta. Can kusa da ƙarshe sai muryar mace ta taso daga gaɓa tana kiran mijinta da sunansa, tana ta kira. Sunan mahaifinmu ne.

Da autan ya sa shi a intanet, Turawa masu sharhin wasanni suka yi ta magana. Yakan zo shago ya tsaya a kaina yana fassara min daga waya. Wasu sun ce kamar mafarki ne, wasu sun ce wannan ba wasa ba ne, yawo ne kawai. Amma kusan duk sun yarda wurin kiran nan ya fi ko'ina, har da masu cewa sun yi hawaye. Na ce masa to, Allah ya sa albarka, ya matsa min daga hanya.

Ya nace na sa shi a talabijin ɗaya. Samari suka yi ta danne-danne suna tambayar ina abokin faɗa, ina bindiga. Maƙwabcina mai kayan babur, mutumin kudu ne da ya daɗe nan, ya gwada ya ajiye abin dannawa ya ce, "Maigida, wannan gem ɗin ba shi da lafiya, jikina ya yi sanyi." Aka yi dariya. Amma wani direban keke ɗan Argungu bai yi dariya ba, don ya gane sunan. Kafin sati magana ta isa gida: mun sa mamaci a gem, yara na wasa da shi.

Baffanmu, ƙanin mahaifinmu, ya kira ni. Bai ko amsa gaisuwa ba ya ce a goge abin nan gaba ɗaya, kuma ni babba ni zan tsaya a goge. Autan ya ce in aka goge, shi da garin nan har abada. Na shiga tsakani. In zauna shago in tashi, in leƙa titi in dawo, abinci ba ya shiga. Rabin zuciyata na tare da Baffa, don ni na san mahaifinmu, na ga ranar da ruwa ya ci shi. Amma na ga yadda yaron ya rame a kan aikin nan.

Ranar wata Asabar da safe na ɗauke shi da kwamfutarsa muka yi Argungu. Baffa ya ce shi ba zai kalli shirme ba, ya juya baya. Inna ce ta ce a kawo ta gani, tunda mijinta ne. Aka ɗora kwamfutar bisa turmi, autan na dannawa. Ta kalli shinkafar sama. Ta kalli ƙofar zauren ta ɗan gyaɗa kai. Da muryar ta fara kira sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Wa ka kiran nan?"

Autan ya ce, "Ke ce, Inna."

"Ni? Tun da anka kai ni ɗakinai ban taɓa hwaɗin sunanai ba."

Ya ce ya sani mace ba ta kiran sunan miji, amma ya ɗauka rana irin wannan kunya ba ta tsayawa. Sai ta ba mu labarin da ni kaina ban taɓa ji ba. Ta ce ta tsaya bakin gulbi har ƙafafunta suka kumbura, sunan na cikin bakinta, mutane kewaye da ita kowa na kira, ita ta kasa. Ta ce har yau takan yi tunanin da ta kira ko ya ji.

Can ta ce a cire muryar, don ba haka aka yi ba. Ta juya wurin Baffa ta ce, "Yaron ga bai ga ubanai ba, nan kaɗai yaka ganin shi. A bar mai sauran." Baffa ya yi gyaran murya, ya sa takalminsa ya fita. Bai sake tada maganar ba.

Autan ya gyara. Yanzu in ka iso wurin, macen na tsaye a gaɓa, bakinta a rufe, kome daɗewarka. Wasu Turawan suka fusata wai ya lalata wuri mafi kyau. Samarin shagona suka koma ƙwallonsu. Ni na gwada shi ni kaɗai wata rana da rana, da na iso gaɓar nan na kashe talabijin na fita waje.

Abin da na koya shi ne, in za ka ba duniya labarin baƙin cikin wani, fara zuwa ka zauna gabansa ka tambaye shi yadda aka yi. Mutanen nesa za su iya yaba maka har su yi kuka, amma ba su ne suka tsaya bakin ruwan ba.