Magen Inna da aladun bayan katanga

Bayan rasuwar mahaifinmu na ɗauko Inna daga Katsina na kawo ta wurina a Dutse Alhaji. Ba ta so ba. Ta ce ba za ta taho ba sai da magenta, wata baƙa mai farin wuya, marar kunya, wadda ba ta taɓa kama ɓera a gabana ba. Haka muka shigo Abuja da mage a kwali tana yi mana ihu tun daga Zariya.

Ni ma'aikaciya ce, da safe nake fita, sai magariba nake dawowa. Inna ba ta san kowa a unguwar ba, Hausar maƙwabta ma dariya take ba ta. Magen ce abokiyar hirarta. Tare suke cin abinci, a gefen dardumarta take barci, in ta sa baki a ruwan alwala Inna ba ta zubarwa, sai ta ce mage ai mai tsarki ce. Har kishi nakan ji, wallahi.

Bayan katangarmu akwai wani gangare inda wasu ke kiwon aladu. Mun sani, muna jin warin in an yi ruwa, amma ba mu taɓa ɗauka abin ya shafe mu ba. Ba ma ci, ba ma taɓawa, sunan ma Inna ba ta faɗa, sai dai ta ce "waɗancan dabbobin". Da aka ce aladun suna mutuwa ana jefar da ƙananan a kwari, mun ce Allah ya kyauta, muka ci gaba da harkarmu. Babu wanda ya tambayi inda magen take zuwa da rana.

Wata Asabar magen ta dawo tana dalalar da yawu, tana susar fuska kamar za ta cire fatar. Kafin azahar kumatunta sun zama jini. Na naɗe ta a tsumma, na tari tasi zuwa wurin likitan dabbobi a Wuse, Inna na bayana tana salati.

Likitan Bayarabe ne, Hausarsa a karkace. Ya duba, ya tambaye ni ko akwai alade kusa da mu. Raina ya ɓaci, na ce masa mu Musulmi ne.

"Madam, ban ce kun ci ba," in ji shi. "Mage ne ya ci. Wannan ciwo daga alade yake tsallakawa. Sai an yi test za a tabbatar, amma ba magani. Ku kai shi gida."

Na juya na ga Inna ta sauke hannunta daga kan tsumman. A mota, da muka kusa gida, ta tambaye ni a hankali ko sallolinta na watannin nan sun karɓu.

Ta wanke darduma, ta wanke buta da ƙasa, ta sa na ajiye magen a tsakar gida. Ita kuwa magen ta ja jiki har bakin ƙofar ɗakin, tana kuka da wata murya da ban san tana da ita ba. Na roƙi Inna ta ɗauke ta, na yi mata faɗa, abin da ban taɓa yi ba. Tana zaune a bakin gado, hawaye na zuba, hannuwanta a ƙarƙashin cinyoyinta. Kafin la'asar kukan ya tsaya.

Washegari ƙanen Inna, wanda malami ne, ya kira daga gida don ya yi mata jaje. Na sa wayar a fili muna ji tare. Ya ce, "Haba Yaya, wa ya ce miki ciwo najasa ne? Mage tana nan da tsarkinta ko me ta ci. Da kin ɗauke ta ma lada za ki samu."

Inna ta daɗe tana kallon wayar. Ya yi ta cewa, "Yaya, kina ji na?"

Ta ce, "Ina ji. Ni take kira fa, ina zaune."