Ledar da Baba Ya Binne

Ledar farko da ta shigo gidanmu a unguwar Ali Kazaure, ni na kawo ta, wajen ƙarshen shekarun saba'in. Ina sana'ar alale a lokacin, kullum cikin neman ganyen ƙulli nake. Madam mai shagon bakin layinmu, 'yar ƙabilar Ibo, ta zuba mini wake a ciki, ta ce da irin Hausarta, "Wannan ba ya ruɓe, ko ka jiƙa shi."

Kai, na yi murna! Na wanke ta, na shanya a igiya kamar sabon ɗankwali.

Baba ya dawo daga lambu ya tarar da ita. Lambunsa na bakin wani kududdufi da masu haƙar kuza suka bari. Ƙasar wurin ta gaji, ba ta ba da komai sai an ciyar da ita, kuma abincinta sharar gari ce. Tifa kan juye masa bola, ya tsince kwalba da gwangwani, sauran ya ruɓe ya zama taki. Da wannan yake fid da kabeji da karas, da shi muke ci.

Ya murza ledar, ya shinshina, har da ɗan gatsa gefenta.

"Ke, ganyen wace bishiya ce?"

Na yi dariya har da riƙe ciki. "Baba, ai ba ganye ba ne. Ba ta ma ruɓewa!"

Shi bai yi dariya ba. "To in an gama da ita, ina take zuwa?"

"Bola mana."

"Bolar kuma wa take zuwa wa?"

Wallahi ban taɓa tunanin shara na da inda za ta ba.

Baba dai ba ya yarda da abu sai ya gani da idonsa. Washegari ya tafi da ledata, ina ta ƙunƙuni. Ya haƙa rami a gindin gwaiba, ya binne ta tare da ganyen alale da guntun buhu, ya ɗora dutse. Bayan damina ya kira ni muka tone. Ganye ya zama ƙasa, buhu ya zama zare-zare. Ledar kuwa ya kakkaɓe ta, fes, ko yau a zuba wake.

Ya daɗe yana juya ta. "Yanzu ɗaya ce," ya ce. "Ranar da kowane gida ya samu tasa, me zan ba ƙasar nan?"

Ya mayar da ita ramin, wai ƙila jinkiri ne da ita, a ƙara mata lokaci. Duk shekara sai ya duba, duk shekara kuma tifa na kawo masa 'yan'uwanta, har tsintar leda ta fi shuka cin ranarsa.

Bayan rasuwarsa na je lambun ni kaɗai, na ɗaga dutsen. So nake in ga ko ta saduda. Sai hawaye. Baba ƙasa ta karɓe shi, ledar tana nan.